Kifin Gora da Mawaƙan da Ba Su Taɓa Jin Waƙa Ba

Tun kiran assalatu muka kulle gida, ni da ƙanina, da jakunkuna maƙare da yadi da wani ƙaton kan zaki da na naɗe a tsohon zanin gado. A tasha muka yi sallar asuba. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata, amma saboda sababbi bari in faɗa. Ni tela ce a Tudun Wadar Zariya, kuma 'yan shekarun nan rabin aikina ya koma ɗinka wa yaran makaranta kayan shiga na bikin ƙarshen zango. Uwa za ta zo da hoto a waya, ta ce ɗanta wannan jarumin katun yake so ya zama, ni kuma in zauna in kwaikwaya. Muna kuma da ƙatuwar rigar nan da mutum yake shigewa ciki ɗungurungum, ya yi ta rawa yara suna ihu. Mu a shago dodo muke ce mata. Ni na ɗinka ta da siffar zaki, ƙanina ke shiga, don shi Allah ya hore wa jure zafi da rashin kunya.

Wadda ta ja mu zuwa Birnin Kebbi ƙawata ce, Rahila, 'yar Filato da muka yi sakandare tare. Aure ya kai ta can, ta zauna har bakinta ya koma na Kabawa, daga baya ta buɗe 'yar ƙaramar makaranta ta yara kurame. Ta kira ni ta ce za su yi bikinsu na farko tun da aka buɗe makarantar, tana so in zo in taya su haɗa kayan shiga, in kuma taho da dodon. Na tambaye ta me yaran suka fi so su zama. Ta ce mawaƙa. Na ɗauka layi ne yake mini wasa, na ce ta maimaita. Ta yi dariya, ta ce in dai zo in gani da idona.

Kuɗin mota ya sake tashi. Direba ya rantse ba laifinsa ba ne, laifin fetur ne, mu kuma muka rantse ba mu da su, daga ƙarshe kowa ya haɗiye rantsuwarsa aka shiga mota. Da ya ga kan zakin sai ya ce, "Hajiya, wannan ai fasinja ne, kujera za ki kama masa." Da ƙyar ya yarda aka ɗora shi a but, can saman kaya, na yi ta jaddada masa cewa soso ne da waya, ba ya son nauyi.

A Funtuwa muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Daga nan zuwa Gusau hira ta mutu a motar. Wanda ya san hanyar ya san dalili. Kowa ya ciro carbinsa, shingen jami'an tsaro kuwa da mun wuce wannan sai ga wancan. Sai da muka bar Talatar Mafara, muka cika ciki da shinkafa da wake da mai da yaji, sannan bakuna suka buɗe, har wani dattijo ya fara tsokanar ƙanina wai ƙato da shi sana'arsa rawa a cikin buhu.

Bayan Sakkwato ƙasa ta shimfiɗe, ido yana tafiya har ya gaji. Da muka iso Aliero sai direba ya taka birki ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Jama'a, na sha ganin albasa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsibi-tsibi a bakin titi, ja jawur, wani tsibin ya fi ni tsayi. Abin da za ki saya a Zariya ki ƙulle a leda, a nan sai kin nemi mai ɗaukar miki. Duk motar muka fita, har da ni. Ina can ina ciniki, ban ga lokacin da aka buɗe but aka yi ta jibga buhuna ba.

Rana ta yi sanyi muka shiga Birnin Kebbi. Gari ne mai natsuwa, tituna masu faɗi, 'yan kabu-kabu ba sa yi wa mutum ihu a ka. Rahila ta tarbe mu a gidanta da ke Gesse da tuwon shinkafa da miyar kifi, ta rungume ni tana cewa, "Hajiyata, kin ƙi tsufa!" Sai da muka ci muka sha, ƙanina ya kwance zanin gadon don ya nuna mata zakinmu. Abin da ya fito ba zaki ba ne. Fuskar ta lotse ta koma kamar faifai, wayar ciki ta karye ta huda goshi, ido ɗaya ya ɓace, ga warin albasa kamar a ciki aka haife shi. Na zauna a ƙasa. Watanni na yi ina aikin kan nan, kuma Rahila ta riga ta yi wa yara alkawarin dodo. Ta dafa ni ta ce mu bari gari ya waye.

Makarantar tana unguwar Nassarawa, gida ne na haya mai ɗakuna kaɗan da tsakar gida mai faɗi da bishiyar dogon yaro. Na shiga ina tsammanin shiru. Ina! Ana buga tebur, ana taka ƙasa don a jawo hankalin wani, ana dariya da ƙarfi, hannuwa kuwa suna ta tashi sama kamar tsuntsaye. Maganar hannu suke yi, kuma wallahi sun fi mu surutu. Yawancinsu 'ya'yan manoman shinkafa da albasa ne daga ƙauyukan kewaye, suna zaune wurin dangi a cikin gari, sai kuma 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa.

Na zo da hotuna cike da wayata don in nuna musu su zaɓa. Ban ko ciro wayar ba, don sun riga ni nisa. Wani yaro ya ari hular kwanon yayansa ɗan kabu-kabu, ya liƙa mata farar takarda, ya goya galan biyu a baya da tiyo, ya zama ɗan sama jannati, yana takawa a hankali kamar ƙasa ba ta riƙe shi. Wasu tagwaye sun shiga kwalayen taliya sun zama mutum-mutumin inji, da marafan kwalba a madadin maɓallai. Wata yarinya ta farke buhun shinkafa ta rina shi da shuɗin bula, ta yi alkyabbar jarumar da ke tashi sama, ta yanka tsohuwar safa ta yi abin rufe ido. Aikina kawai in daidaita, in kama baki, in sa zif inda suka ɗaure da igiya.

Sai Rahila ta ce in zauna in ga mawaƙanta. Na farko yaro ne siriri da baƙin tabarau, da sarƙar wuya da ya haɗa da marafan lemo ya shafa musu ruwan gwal, da ƙaramin tawul a kafaɗa. Ya riƙe muciya a matsayin makirfo. Ya tako, ya karkace kafaɗa, ya nuna sama da yatsa, ya miƙa wa jama'a muciyar wai su amsa, ya dafa ƙirji ya runtse ido kamar soyayya za ta kashe shi, sannan ya share gumin da babu shi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Duk wani mawaƙin zamani da kuka sani yana cikin yaron nan. Bayansa wani ya fito da babbar rigar kakansa tana jan ƙasa, da kalangun gwangwani a hammata, yana zuga wani attajirin da ba a gani, yana bin sa da ido har aljihu. Sai 'yan mata uku cikin dogayen riguna irin na mawaƙan coci, suna lilo tare, ta tsakiya tana ɗaga gira in za ta kai murya sama.

Na tambayi Rahila a ina suka koyi wannan. Ta ce a talabijin ɗin shagon aski, da wayoyin yayyensu, da gidajen biki. "Mu sauti yana ɗauke mana hankali," in ji ta. "Su kuwa ba abin da ke wuce idonsu."

Ƙanina ya fito da gawar zakin don su ga dalilin da ya sa ba za a yi dodo ba. Na zaci za su yi kuka. Dariya suka yi har wasu suna faɗuwa. A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta shiga layin mawaƙa ba, tana zaune a gefe tun da muka zo. Asma'u sunanta, ba za ta wuce shekara tara ba, baƙa mai manyan idanu. Ta taso ta zagaya kan zakin, ta kalli ƙanina daga sama har ƙasa, sannan ta yi wa Rahila magana da hannu. Ta zana ƙaton da'ira a iska, ta kifa shi a kanta, ta haɗa tafukanta ta karkaɗa su kamar abu yana iyo. Rahila ta fassara mini. Wai me za a yi da zaki, wa ya taɓa ganin zaki a Kabi? A yi kifi. Babanta masunci ne a Argungu, yana da gorar da kan mutum zai shige har kafaɗa.

Da yara suka fita hutun tara, Rahila ta gaya mini sauran labarin. Asma'u ita ta fi kowa son bikin nan. So take ta yi shigar zabiya mai kiɗan ƙwarya, irin kakarta. Amma babanta ya aiko cewa bai yarda ba, kuma zai zo ya ɗauke ta kafin ranar. Rahila ta ce dama tana da niyyar zuwa ta roƙe shi. Yanzu ga dalili biyu.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Argungu, mu uku, a motar haya. Da muka wuce Ambursa sai fadama ta buɗe. Ni 'yar birni ce, shinkafa a buhu na san ta. Ban san haka take ba in tana gona, kore shar har inda sama ta taɓo ƙasa, ruwa yana walƙiya a tsakanin kunyoyi, injinan ban ruwa suna ta tuttu, balbelu farare fat suna bin manoma. Babura suna wuce mu ɗauke da buhuna da mutane, wani har da akuya a cinya. Na yi ta cewa Allahu Akbar har direba ya waiwayo ya tambaya ko lafiya.

A Argungu aka nuna mana hanyar bakin gulbi. A nan na ga gorar da Asma'u take nufi. Wani mutum ya kifa cikinsa a kan wata ƙatuwar gora, yana yawo a kan ruwa kamar wanda ke kwance a katifa, homa, wato ragar kamun kifi, a hannu biyu. Ya nutse, gorar ta tsaya ita kaɗai tana jiransa, can sai ga shi ya ɓullo da kifi yana fisge-fisge, ya jefa shi ta bakin gorar ya ci gaba. Jirginsa ke nan, kuma ma'ajiyarsa. Muka tsaya muna kallo har muka manta abin da ya kawo mu. Wata mata tana soya kifi a gindin bishiya, muka ci da ƙuli da yaji, ƙanina ya ce shi dai a bar shi a nan, ya yafe Zariya.

Baban Asma'u, Malam Garba, dogo ne marar yawan magana. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Maganar gora ba ta ɗauki lokaci ba. Da ya ji abin da za a yi da ita sai ya yi murmushi, ya shiga ya fito da wata da ta tsage a gefe ta daina aikin ruwa, ya haɗa mana da tsohuwar homa. Ya auna kan ƙanina da idonsa, ya sa wuƙa ya faɗaɗa bakin gorar da kansa. Amma da Rahila ta ɗauko zancen Asma'u, sai murmushin ya tafi.

"Malama, ni ba gaba nika yi da makaranta ba," in ji shi. "Kin koya ma ɗiyata rubutu, kin koya mata lissahi, Allah shi saka miki. Amma akwai wani buki da anka yi nan ƙohwar gida. Yarinyar ga ta ga mata na rawa, tat tashi tas shiga hili. Kiɗi ya tsaya, ita ba ta sani ba, tana ta yi ita ɗai. Anka yi ta dariya, har da manya. Ita ko ta aza daɗi sunka ji, tana ta washe baki. Ni na kutsa cikin mata na ɗauko ta. Ba ni son in sake ganin wanga abu."

Ni dai na sunkuyar da kai, don ban ga ta inda za a ce bai yi gaskiya ba. Rahila ta ce, "Malam, ba zan yi maka alkawarin ba wanda zai yi dariya ba. Abin da na sani shi ne kullum sai ta kifa kwanon abincinta ta yi ta kaɗawa."

Sai muka ji gyaran murya daga bayan labulen zaure. Wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙarama, bakinta ja da goro. Mahaifiyar Malam Garba ce, wadda kowa yake kira Inna. Ashe duk tana ji. Ba ta ko kalle mu ba, ɗanta ta fuskanta.

"Kai wanga, tun tana goye a bayana nika kiɗi. Duk bukin da na tahi, da ita nika zuwa. Kana cewa ba ta ji, to mi ka sa ta yin shiru in na hwara, ta yi kuka in na bari? Za ni Birnin Kabi. Ni ka zamna bayanta. In an yi dariya, ni anka yi ma."

Daga ƙarshe Malam Garba ya ce shi ma zai zo, zai tsaya a bakin ƙofa, kuma in ya ga abin da bai yi masa ba, zai ɗauki ɗiyarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Rahila ta ce ta yarda.

Kwanakin da suka rage a kan kifin nan suka ƙare. Muka huda wa gorar idanu, na yi musu gira da sauran soson zaki, na yi leɓe mai kauri da jan yadi. Jiki kuwa buhunan shinkafa ne na ɗinka na lulluɓe da homar Malam Garba. Ɓawon kifin ne ya so ya gagare ni, sai mijin Rahila ya kai ni kasuwa wurin wani mai shago da waya ta kashe wa cinikin faya-fayan sidi. Ya ce in kwashe ko ya samu wurin ajiye kaya. Muka riƙa tsoma su a ruwan zafi su yi laushi, mu yanka da almakashi, yara suna hudawa ina ɗinkewa ɗaya bisa ɗaya. Waƙoƙin da aka yi yayi shekarun baya duk suka koma ɓawon kifi. Yatsuna sun yi kanta, amma da muka rataye shi a rana sai da na ja da baya. Ban taɓa ɗinka abu mai kyansa ba.

Ranar biki, bayan la'asar, tsakar gidan ta cika. Manoma da rawunansu, mata da manyan mayafai, matan cocin su Rahila da ankonsu, 'yan unguwa a kan katanga. Rahila ta yi bayani cewa tafi ba ya isa ga yaran nan, wanda abu ya burge shi ya ɗaga hannuwa sama ya karkaɗa yatsu. Mutane suka gwada suna jin kunya. Ɗan sama jannati ya fito, masu kwali suka fito, jarumar buhu ta diro daga kan benci. Mai baƙin tabarau kuwa sai da wani dattijo ya tashi ya manna masa kuɗi a goshi. Sannan kifi ya shigo. Rana ta bugi ɓawon nan, haske ya watsu a bango da fuskokin mutane kala-kala, ƙanina yana karkaɗa jela yana buɗe baki. Yara suka yi kansa. Wani tsohon masunci ya rantse giwar ruwa ce, har ya fara gardama da na kusa da shi a kan nauyinta.

Asma'u ce ta ƙarshe. Ta fito cikin zanen saƙi na kakarta, na naɗe mata shi sau biyu don ya yi mata yawa, da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, da murjani, da kwalli raɗau. Aka ajiye baho da ruwa, aka kifa ƙwarya a ciki. Ta zauna ta ɗauki 'yan sanduna. Inna ta zauna a bayanta, ta ɗora tafukanta a gadon bayan yarinyar, ta fara bugawa a hankali da yatsu. Asma'u ta ɗaga sanda ta bi. Bugun farko ya ɗan kauce, na biyu ya zauna, daga nan kiɗi ya miƙe. Inna ta ɗaga murya, tsohuwar murya mai kaushi, ta fara waƙa. Na waiwaya na hango Malam Garba a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Ana tsakiyar haka sai Inna ta yi shiru, ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya. Asma'u ba ta tsaya ba. Ita kaɗai take kiɗi a tsakar gidan nan, ta ɗaga kai kamar yadda ta ga kakarta tana yi, ta buɗe baki ta saki murya. Ba kalma ba ce, sauti ne dogo, marar lanƙwasa, irin na wanda bai taɓa jin kansa ba. Wani saurayi a kan katanga ya yi 'yar dariya. Malam Garba ya saki hannuwansa ya fara takowa.

Amma kiɗin bai kauce ba ko kaɗan. Yana nan daram inda Inna ta bar shi, har ma ta ƙara masa wani ɗan karya da ba a koya mata ba. Wata mata daga baya ta kama tafi a kan bugunta, wasu suka bi, matan coci suka shiga, wata ta rangaɗa guɗa. 'Yan ajinsu suka matso suka kewaye bahon, kowa ya ɗora hannu a bakin bahon don ya ji bugun da tafinsa. Malam Garba ya iso gaban ɗiyarsa. Na ce shi ke nan, zai ɗauke ta. Sai ya tattare rigarsa ya tsuguna a cikin yara, ya nemi wuri a bakin bahon, ya ɗora hannunsa shi ma. A haka ya zauna har ta kai ƙarshe ta ajiye sanduna. Ya miƙe, ya ɗaga dogayen hannuwan nan nasa sama, yana karkaɗa yatsu, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Duk tsakar gidan hannuwa suka tashi. Ni ban ga sauran ba, don mayafina na kan fuskata. Ƙanina ya ce shi ma ya yi kuka a cikin gora, amma ba mai shaida.

Daga baya na tambayi Inna ko gajiya ta yi da ta janye hannu. Ta harare ni ta ce, "Gajiya? Ɗiyata, in ban sake ta ba, yaushe ubanta za shi gani?"

Kifin mun bar wa makarantar, don can ne gidansa. Malam Garba ya aiko mana da busasshen kifi cikin kwali, Rahila ta cika mana jaka da shinkafar gida, ta raka mu tasha tana ta yi mini tsiya wai na zo koyarwa na koma ɗaliba. Ban musa ba. Na tafi da tunanin kayan shiga hoto ne da ake kwaikwaya daidai, in launi ya kauce an yi asara. Na dawo na san cewa yaro ya riga ya san abin da yake so ya zama, kuma kayan suna nan kusa da shi, a gona ko a bakin gulbi ko a bayan ɗaki. Iyaye masu kawo mini aiki, daga yau ku riƙa zuwa da yaran, da su zan yi magana.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Tambuwal, direba ya ƙure rediyo da wata waƙa da nake ji kusan kullum a shago. Sai na sa yatsu na toshe kunnuwana, na ce bari in gwada. Na ga yatsun direba suna bugun sitiyari. Na ga wata uwa tana jijjiga jaririnta daidai da bugun, ba ta ma san tana yi ba. Na ga ƙafar wani malami mai carbi tana motsi a ƙarƙashin kujera, fuskarsa kuwa a ɗaure kamar ba shi ba. Ƙanina ya taɓo ni ya tambaya ko kaina ke ciwo. Na girgiza kai, ban cire yatsuna ba sai da waƙar ta ƙare. Mun iso Zariya lafiya, Alhamdu lillahi.